Boso, bakin Kumadugu: rana ta tsiro, hayaƙi na kifi

Wanda ya tashi daga Yamai ya nufi gabas sai ya ci kilomita wajen 1360 kafin ya ga Difa. Idan kuwa Boso ya nufa, to da sauran tafiya, domin akwai kamar kilomita 100 a gabansa: ya bi hanyar Ngigmi, ya ratse ta wajen Tumur, ya yi ta keta rairayi da kaba da bagaruwa, har ya iske garin zaune a inda kogin Kumadugu Yobe yake gama tafiyarsa, ya miƙa ruwansa ga tabkin Cadi. Ƙetaren kogin Malam Fatori ce, ƙasar Nijeriya. Tsakanin 1906 da 1908 ne tawagar Tilho Bafaranshe da O'Shee Baturen Ingila ta shata iyaka, ta bar wa kogin aikin raba ƙasashen biyu tsawon kilomita wajen 150. Amma ruwan da ya raba hukumomi bai raba kasuwa ba, bai kuma raba aure da tukunya ba.

Boso garin Barebari ne, musamman Mobar, manoman bakin kogi. Kusa da su akwai Buduma, mutanen tsibirai masu shanun kuri masu kumburarren ƙaho, da Fulani makiyaya, da Hausawa fatake da masunta waɗanda kifi ya jawo daga nesa. Tun 2011 garin ya zama hedkwatar gunduma a cikin jahar Difa. A lokacin su, hancin baƙo yana riga idonsa shiga gari, saboda ƙamshin banda da iska ke kwasowa daga bakin ruwa. A cikin gidaje kuwa, in ya yi sa'a, zai ga an shimfiɗa tabarma a tsakar gida an baza hatsi mai ɗan farin gemu, yana shan rana. Wannan shi ne tsiro.

Sana'o'in nan biyu maƙwabtan juna ne, amma kowace da hanyarta: kifi sai hayaƙi, tsiro sai rana. A wasu ƙasashe kuwa an haɗa su, har ana sa tsiron hatsi cikin hayaƙi da gangan, kamar yadda ake yi wa tarwaɗa, domin abin sha ya ɗauki ƙamshin itace. Wanda ya tsaya ya duba dalilin wannan bambanci zai gane cewa mai haɗa abin sha ba shi kaɗai ke zaɓa ba. Ruwa da hatsi da itace da yanayin wurinsa sun riga sun zaɓar masa rabi.

Ruwan da ya taho daga ƙasar burkutu

Tun farko a faɗi gaskiya. Boso garin Musulmi ne, sarakunan Kanem sun karɓi Musulunci tun ƙarni na 11, addini kuma ya haramta giya. Tsiro a nan na kunun zaƙi ne da makamantansa. Sai dai ilimin tsiro ɗaya ne, ko kunu aka nufa ko burkutu. Inda suke rabuwa can ƙarshe ne, wajen gami da yawan kwana. Kuma kogin da ke wucewa bakin garin daga ƙasashen da suka san duka biyun yake tahowa.

Kumadugu Yobe haɗin koguna biyu ne. Kogin Haɗeja yana ɗebo ruwan kogin Kano da na Calawa, inda aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992. A karkarar can ne Maguzawa suka daɗe suna dafa giyar dawa don bukukuwansu da gayyar noma. Kogin Jama'are kuwa daga duwatsun Jos yake gangarowa, ƙasar da burkutu da fito suka zama sana'ar mata ta kullum. Su biyun suna haɗuwa wajen Gashuwa, su wuce Gaidam, su shigo iyakarmu, su bi ta ƙasar Maine-Sorowa da Shetimari da Difa da Geskeru, kafin su iso Boso. Ruwan da ya sauka a Jos da damina yakan yi watanni a hanya, shi ya sa kogin ke cika a Difa wajen Nuwamba da Disamba, lokacin da sama ta daɗe da ɗaukewa, sa'an nan ya ja baya da bazara ya bar tafkuna a cikin kwarinsa. Ta kudu ma haka abin yake: kogin Shari, wanda ke kawo wa tabkin Cadi wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan koguna, ya ratso ƙasar Sara, reshensa Logon kuma ya ratso ta Masa da Tupuri, masu giyar jar dawa da ake kira bili-bili. A yamma Barkina da Mali suna da dolo, Benin da Togo suna da cukutu. Sunaye dabam-dabam, uwa ɗaya: tsiron dawa.

Yadda ƙwaya ke zama zaƙi

Ƙwayar hatsi rumbu ce ƙarama, cike da sitaci, wato abincin da uwa ta tanadar wa ɗan tsiro. Idan ta jiƙa ta fara fitowa, sai ta saki wasu sinadarai da masana ke kira amilaz, masu yanka sitacin nan su mai da shi sukari. Aikin mai tsiro shi ne ta tashi ƙwayar daga barci, ta bar ta ta tara waɗannan sinadarai, sa'an nan ta tsai da ita kafin ta cinye abincin da kanta.

Ana jiƙa dawa wuni guda ko kwana ɗaya, ana sauya ruwa don kada ta yi tsami. A tsame, a baza a inuwa, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu ko ganye, ana yayyafa ruwa safe da yamma, ana juyawa don kada zafi ya taru a tsakiya. Cikin kwana 3 zuwa 5 saiwa ta fito. Daga nan sai shanya, kwana ɗaya zuwa uku gwargwadon rana. Dawa tana son ɗumi wajen digiri 25 zuwa 30 kafin ta tsira sosai, alhali sha'irin Turai a wajen digiri 15 ake tsirar da shi. Saboda haka da bazara, lokacin da zafi a kwarin Kumadugu ke wuce digiri 40, sai a gajarta jiƙo da kwanan lulluɓi, in ba haka ba funfuna ta riga tsiro. Da hunturu kuwa sai a ƙara kwana, a ƙara buhu.

Akwai abu guda da bai kamata a yi wasa da shi ba. Kowane makiyayi ya san gyauron dawa yana kashe dabba. Gubar nan tana cikin saiwa da ɗan kan da ya fito daga ƙwayar dawa mai tsiro. Shi ya sa gwanaye ke murza busasshen tsiro da tafin hannu, su sheƙe gemun ya bi iska, su kuma tabbata abin ya dahu. Tsiron da ya yi baƙi ko kore da funfuna kuwa na zubarwa ne, domin guba ce mai cin hanta, kuma tafasa ba ta kashe ta.

Zaɓin hatsi shi ne matakin farko na haɗi. Jar dawa tana ba da launi ja da ɗan bauri; farfara tana ba da abin sha mai haske da sauƙi; kaura tana tsakani; gero yana da nasa ƙamshi; tsiron shinkafa kuma, wadda ake nomawa a fadamun Kumadugu, masu kunun zaƙi sun san zaƙinsa. Mai haɗi takan auna da tiya, ta ce kaza na ja, kaza na fara, kuma in abin bai yi mata ba, abu ɗaya za ta sauya a karo na gaba. Wadda ta sauya hatsi da ruwa da wuta gaba ɗaya ba za ta san wanda ya gyara ko wanda ya ɓata ba.

Dabarar raba tukunya biyu

Dawa tana da wata gardama. Sitacinta ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 70 ko fiye, amma a wannan zafin sinadaran da ke mai da shi sukari sun fara mutuwa. Sha'ir ba shi da wannan matsala, don nasa sitacin yana narkewa tun wajen digiri 60. Matan Afirka sun warware gardamar tun kafin a san ma'aunin zafi. Mai dolo ko bili-bili takan dama garin tsiro da ruwan sanyi, ta sa yauƙin karan kuɓewa ko ɓawon dargaza don gari ya kwanta, ta tsiyaye ruwan sama ta ajiye gefe, domin a cikinsa ƙarfin tsiro yake. Sai ta dafa kaurin ƙasa shi kaɗai har ya nuna, ta bari ya ɗan huce, ta mayar masa da ruwan da ta ajiye. Da dare abin ya yi zaƙi ya ɗan yi tsami; kashegari a tace, a tafasa sa'o'i da yawa, a huce, a sa gamin da aka rage daga dahuwar baya. Abin da ya fito ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu bai lalace ba. Tsawon tafasa shi ke ƙara duhu da zaƙi da ƙarfi, kuma shi ke cin itace. A Nijeriya wasu masu burkutu sukan ƙara garin rogo don su rage tsadar dawa.

Mai kunun zaƙi a Boso ko Difa dabarar nan take bi ba tare da ta kai ga gami ba. Takan raba ƙullunta biyu, wanda ta niƙa da citta da kanumfari da barkono. Babban kashi ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri. Ƙaramin kashi, mai tsiro ko dankali, ta bar shi ɗanye. In ta zuba ɗanyen tun kaskon yana turiri, ta kashe tsiron, kunu ya tsaya da kauri ba zaƙi. In ta jira ya huce daidai, da safe za ta iske ya tsinke ya yi zaƙi, ko sukari kaɗan ya ishe shi. Ruwa ma yana da baki a ciki. Wannan yanki ƙasar kanwa ce, rijiyoyi da dama suna da zartsi, kuma ruwa mai kanwa yana rage wa tsiro ƙarfi, yana dusashe ɗanɗano. Turawa sun san irin wannan: ruwan Burton a Ingila da na Pilsen a ƙasar Cek su suka ba giyar garuruwan nan biyu halinta.

Ba ƙaramin ilimi ba ne wannan. A 1988, da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir Nijeriya, dole manyan kamfanoni suka koma ga dawa, irin su SK 5912 da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar, har lemunan malta marasa sa maye da ake sha ko'ina a arewa suka dogara da ita. Abin da injiniyoyi suka zauna suna lissafi a kai, wato yadda za a dafa sitacin dawa ba a kashe ƙarfin tsiro ba, tsofaffi mata sun daɗe suna yinsa da ƙwarya da tukunyar ƙasa.

Ƙamshi da ƙauri

A bakin tabki hayaƙi dukiya ne. Tarwaɗa da karfasa da bargi, in an fito da su daga ruwa cikin zafin nan, ba su kai yamma. Sai a yanka, a jera bisa waya, a hura wuta a ƙasa, a rufe. Mai banda ya san itacensa: ɗanye yana ba da hayaƙi mai ɗaci, busasshe ƙwarai yana ci da harshe ya ƙone kifi, mai ƙaro da yawa yana baƙanta shi. Tun da tabkin ya ja baya, daga murabba'in kilomita wajen 25,000 a 1963 zuwa rabuwarsa gida biyu a 1973, itacen prosopis mai ƙaya ya mamaye busasshen kwarin arewa. Ya toshe wa jirage hanya, yana yage koma, amma shi ya zama makamashin banda da gawayi.

Tsiro kuwa ba ya bukatar wannan, don rana kyauta ce wata tara a shekara. Hayaƙi yana shiga abin sha ta ƙofofi uku kawai: ta murhu, in wuta ta yi hayaƙi tukunya a buɗe, ta gindin tukunya, in ƙullu ya kama, ko kuwa da damina, in hadari ya hana shanya aka rataye tsiro bisa murhu, kamar yadda ake rataye zangarniyar iri don gudun ƙwari. Hausa tana da suna ga wannan: ƙauri. Kunun da ya yi ƙauri kuwa mai talla ta san da shi za ta dawo gida.

Amma mutanen nan ba baƙin hayaƙi mai daɗi ba ne. Matan Barebari da na Shuwa sun shahara wajen turara randa da kajiji da itatuwan ƙamshi kafin su zuba ruwan sha. A Habasha haka ake turara tukunyar talla, giyarsu ta gida, da itacen zaitun. A Sudan kuma, hanyar alhazan Barno ta dā, akwai hulu-mur, abin shan buɗa-baki da azumi: tsiron dawa ne ake haɗawa da gari da citta da kirfa da tsamiya, a bari ya yi tsami, a toya shi falle-falle bisa ƙarfe mai zafi har ya yi duhu, sa'an nan a jiƙa a tace. Ɗanɗanon wuta a cikinsa shi ake nema. Ashe tsakanin ƙamshi da ƙauri, awo ne da irin itace.

Abin da Turai ta yi da hayaƙinta

A arewacin Turai rana ba ta isa shanya ba. Shekaru aru-aru yawancin tsiron sha'ir bisa wutar itace ko ta kara ake busar da shi, giya kuma ta fito da warin hayaƙi ko ana so ko ba a so. Da aka sami gawayin kwal marar hayaƙi a Ingila a ƙarni na 17, daga baya kuma aka ƙera tanderun da iska mai zafi kaɗai ke taɓa hatsi, sai kusan kowa ya gudu daga hayaƙi. A 1817 Daniel Wheeler ya fito da gangar gasa tsiro har ya yi baƙi ba tare da hayaƙi ya taɓa shi ba. A ƙarshen shekarun 1970 kuma masana a Jamus suka gano cewa harshen wuta da ke taɓa tsiro kai tsaye yana haifar da wani sinadari mai jawo ciwon daji, aka ƙara gyara tanderu.

Wurare kaɗan ne suka riƙe tsohuwar hanya. A Bamberg ta Jamus gidaje biyu, Schlenkerla da Spezial, suna busar da tsironsu bisa itacen da Faransawa ke kira hêtre. A Grodzisk ta Polan alkama ce ake turarawa da itacen oak, har masana'antar garin ta rufe a 1993, kuma masu dafawa a gida ne suka hana haɗin ɓacewa. A Sikotilan ana amfani da wata baƙar lakar fadama mai ci da wuta. Wanda ya fi kusa da Boso shi ne na Juno a Alaska: a 1988 wani ƙaramin kamfani ya ɗauki tsironsa ya kai gidan bandar kifin salmon da ke maƙwabtaka da shi, aka turara shi a nan.

Tun da Ingila ta ɗage sharaɗin lasisi a 1963, Amurka kuma ta halatta dafawa a gida da dokar da Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1978, masu wannan sha'awa sun tara ƙa'idodi. Lita 20 tana cin tsiro kilo 4 zuwa 5. Mai son hayaƙi kaɗan yakan sa kashi ɗaya cikin biyar na tsiron hêtre, mai son na Bamberg ya kai rabi ko duka. Na lakar fadama kuwa giram 100 ma ya yi yawa ga wasu, don in ya wuce sai abin ya koma warin magani. Tsiron da ya daɗe a ajiye hayaƙinsa yana gudu, sai a ƙara awo. Ana rage furen hublon mai ɗaci don kada ya yi faɗa da hayaƙi, ana kuma gudun ruwan famfo mai kulorin, wanda ke haɗuwa da hayaƙi ya ba da warin asibiti. Mai banda na Boso, in aka karanta masa waɗannan, ba zai ji baƙon abu ba.

Shekarun da wuta ta mutu

Bambancin shi ne, abin da yake wasan ƙarshen mako ga wani, a nan abincin iyali ne. Ran 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa. Hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawan moto, ta hana su da fataucin kifi da na tattasai, bisa dalilin cewa ƴan ta'adda suna karɓar haraji a kansu. Bayan harin tsibirin Karamga ran 25 ga Afrilu na shekarar, aka umarci mutanen tsibirai su tashi. Ran 3 ga Yuni 2016 aka sake afka wa Boso, mutum wajen 50,000 suka gudu, da yawa suka zube bakin babbar hanya a bukkokin kara. Ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta cewa kafin rikicin banda da tattasai suna kawo miliyar 28 na sefa a shekara. Sai a Oktoba 2017 aka sake buɗe cinikin tattasai, su kuma sai a Maris 2019. A Yuni 2021 dubban mutanen Barwa, a gundumar Boso, suka koma garinsu.

A zaman gudun hijira ne darajar tsiro ta fito ta wata fuska. Kunun zaƙi sana'a ce da mace za ta fara da tiya biyu da bokiti ɗaya. Kuma masana abinci sun daɗe da nuna cewa ɗan garin tsiro, cokali guda, in aka zuba a kunun yaro mai kauri bayan an sauke, yana tsinka shi ba tare da an ƙara ruwa ba; yaro ya sha da sauƙi, ya sami abinci mai yawa a ƙaramin ciki. Sharaɗi shi ne tsiron ya zama mai tsabta, an sheƙe gemunsa, a kuma sake tafasa kunun kafin a ba shi.

Gyara biyu ke jiran kwarin Kumadugu, kuma babu mai tsada a cikinsu. Na farko murhun banda ne: irin na Corkor, wanda aka fito da shi a Gana a 1969, yana jera faifan waya bisa juna, ya rage cin itace, ya kuma rage ƙonewar kifi, waɗanda suka biyo bayansa suna hana kitse ɗiga cikin wuta, inda baƙin hayaƙi mai cutarwa ke tashi. Na biyu shi ne a koya wa ƙungiyoyin mata shanyar tsiro bisa gado, nesa da ƙasa da awaki, da ajiyarsa a busasshen wuri, domin ya zama haja mai shiga kasuwa kamar tattasai. Ma'aikatar noma da ta kiwon lafiya da masu ba da agaji suna da abin yi a nan. Amma kafin duka sai masunci ya iya kwana a bakin ruwa, manomi ya iya zuwa fadamarsa ya dawo. Allah ya zaunar da jahar Difa lafiya.